Shuka wa Ƙudan Zuma Abinci a Ƙofar Gida

Duk wanda ya taɓa kai niƙa da hantsi a tsakiyar rani ya ga abin da zan faɗa. Ƙudan zuma sun yi dafifi a bakin buhun dusa, suna birgima cikin garin masara, suna dunƙula shi a ƙafafunsu na baya kamar yadda suke yi da garin fure. Yunwa ce ta kawo su. A daji rani lokacin wadata ne gare su: gawo yakan yi huda tun daga kaka, kaɗanya ta biyo baya, ɗorawa ta sako jajayen furanninta, shi ya sa masu amya suka fi samun zuma kafin ruwa ya sauka. A cikin gari kuwa mun sare waɗannan itatuwa mun jera bulo a gurbinsu, ɗan filin da ya rage a ƙofar gida kuma mun malale shi da siminti. Na rani mun sare, na damina mun rufe.

Abin da ya sa na fasa simintin ƙofar gidana ke nan, wani ɗan tsiri mai tsawon mita huɗu da faɗin mita ɗaya da rabi, tsakanin katanga da kwata. Abin da na koya a wannan tsiri shi zan shimfiɗa a nan. Lokutan da zan ambata na yankin Kano da Zariya ne. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram sai ya ɗan jinkirta, don ruwa yana riga zuwa wajenmu. Na kudancin Kaduna kuma ya ɗan yi sammako.

Ka fara sanin baƙin da kake gayyata

In an ce ƙudan zuma, hankalinmu yana tafiya ga mai saƙa da kaki da harbi. Shi ɗaya ne cikin dangi mai iri sama da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa zaman taro, ba sa tara zuma. Uwa ɗaya ce take haƙa ɗan rami a ƙasa ko ta sami kogon kara, ta zuba garin fure, ta yi ƙwai, ta toshe. A ƙofar gidanka za ka ga aƙalla huɗu in ka zuba ido: na amya da kowa ya sani, galla, wato ƙanana marasa harbi da suke zama a kogon itace ko tsagin katangar ƙasa, babban baƙin nan mai ƙugi da yake huda azara da gora, da wani mai yanke ganye da'ira-da'ira kamar an sa almakashi, ya kai ramin da yake reno.

Sanin wannan yana da amfani saboda dalili biyu. Na amya yana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure, amma ƙananan ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mita daga gidansu, in unguwa ba fure to babu su. Na biyu, akwai furannin da sai an girgiza su suke sakin garinsu, irin su marga da rawaya da gauta. Na amya bai iya wannan ba. Babban baƙin ne yake rungumar furen ya yi masa ƙugi har gari ya zubo. Tsirran ƙasarmu da ƙudajen ƙasarmu sun san juna tun kafin a san mu.

Kuma ba don zuma kaɗai ba ne. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa in aka hana ƙwarin da ke barbarar fure isa gare shi, amfanin riɗi yana raguwa da kashi 59 cikin 100, na auduga da kashi 37. Waɗannan amfanin gonarmu ne mu ma.

Mataki na farko: ka karanci wurin tun da bazara

Watan Maris ko Afrilu ne lokacin wannan. Ka ɗauki yini guda kana leƙowa: da hantsi, da azahar, da la'asar. Kana neman inda rana take samu aƙalla awa shida, domin fure ba ya yawa a inuwa. Gefen da ke kallon gabas ya fi, yana samun ranar safe lokacin da ƙudan suka fi fita, katanga kuma ta tare masa zafin yamma. In ƙofarka yamma take kallo, ba a fasa ba, sai dai ka ƙara ciyawar rufe ƙasa da ban ruwa.

Ka lura da inda indararo yake zubarwa, da inda ruwa yake kwanciya in an yi marka, da inda bututun famfo da ramin masai suka bi. Kada ka ci hanya, kada ka toshe kwata. Sannan ka bar tazarar taku biyu ko uku tsakanin furannin da bakin ƙofa ko dakalin da ake zama, don kowa ya wuce hankali kwance.

Wani abu kuma kafin ka sa fartanya: duba ko akwai kututturen da yake toho da kansa, musamman in sabuwar unguwa ce da dā gona ce. Sabara, kalgo, geza da magarya suna daɗewa da rai a ƙarƙashin ƙasa bayan an sare su. Manoman Maraɗi tun daga shekarun 1980 suka rungumi barin irin waɗannan kututture, su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi su yanke sauran, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada na ƙasar Nijar ba tare da dashe ba. In ka sami irin wannan a filinka ka yi sa'a, don saiwarsa ta riga ta kai inda naka dashen zai shekara uku bai kai ba.

Mataki na biyu: shinge kafin iri

A shekarata ta farko na yi shuka kafin shinge. Gasaya ta kai tsawon gwiwa, ta fara fitar da kai, na fita sallar la'asar na dawo na tarar da akuya uku sun gama da ita har ƙasa. Ban ga laifin awakin ba, kiwo suka fito.

Ragar waya mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, a kan turaku masu ƙwari, ta isa. In kuɗinta ya yi nauyi, dangar kara ko ƙayar magarya da aka jera tana yi, sai dai a sabunta duk shekara. Kowace bishiya da aka dasa a kewaye ta da nata bulo ko kwando daban. Wanda ke da haƙuri ya kafa rassan dashi ko minjirya a jikin dangar; suna kamawa daga reshe, bayan shekara biyu sun zama shinge mai rai, minjirya kuma ta ba ka jan fure da rani.

Mataki na uku: gyaran ƙasa

Ƙasar ƙofar gida galibi ragowar gini ce: ɓaraguzan bulo, siminti, leda, ƙusa. Ka haƙe zurfin santimita 30, ka tsince duk wannan. In jigawa ce mai zarcewar ruwa, ko laka ce mai riƙewa, maganinsu ɗaya, takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Bokiti ɗaya na kashin awaki ko na shanu a kowace murabba'in mita ya isa, a gauraya da ƙasar sama. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Yadda za ka gane ya nuna: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, ba ya ɗumi.

Kada ka cika taki, takin zamani kuwa ka bar shi gaba ɗaya. Tsirran da za mu shuka sun saba da ƙasa mai ƙarancin abinci, in ka ƙoshar da su sai su yi ta ganye su manta da fure.

Kada ka yi kunya mai tudu kamar ta dankali. Fangali za ka yi mai ɗan zurfi, gefensa ya ɗaga da kamar faɗin tafin hannu, yadda ruwa zai tsaya ya nutse. In ƙasar ta yi tauri kamar marmara, yi abin da mutanen Tawa ke kira tassa: ƙananan ramuka masu faɗi da zurfin kamar taƙi guda, a zuba taki cikin tafi biyu a kowanne, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare. Ramin bishiya kuwa rabin mita faɗi, rabin mita zurfi, a haƙa shi tun da bazara ya sha ruwan farko.

Mataki na huɗu: zaɓen abin shukawa

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi ya ɗebo abin da ya burge idonsa. Mafi yawan waɗannan an kawo su ne daga wasu nahiyoyi don ado. Bugenbiliya, mai kama da takarda, daga Kudancin Amurka take, kuma abin da ake gani mai launi ganye ne, ainihin furen ɗan ƙanƙane ne a ciki mai dogon wuya. Wardi mai ninki-ninki kuwa ƙuda ba ya ma samun ƙofar shiga. Ka tsaya minti biyar a gaban shuka da hantsi kafin ka saya. In ba abin da ya sauka a kanta, ka bar ta.

Ba ina cewa duk baƙo banza ba ne. Zogale da darbejiya da mangwaro duk daga yankin Indiya suke, kuma ƙudan zuma suna zuwa musu sosai. In kana da su ka bar su. Amma ginshiƙin lambun ya zama na gida, waɗanda suka san yadda ake jure wata bakwai babu ruwa.

Ƙa'idar da nake bi guda ce: kada wata ya kama ya mutu babu abin da ke fure. Don haka da kalanda nake zaɓe, ba da ido ba.

Na damina su ne mafi sauƙi, kuma yawancinsu uwargida ta san su, don kayan miya ne. Gasaya ce ta farko, tana fara fure wajen mako biyar bayan shuka, farare masu dogayen gashi, suna buɗewa da yamma su kwana har safiya. Karkashi da yauɗo suna da fure mai kama da ƙaramin ƙaho, fari da shunayya, sai ka ga ƙuda ya shige ciki gaba ɗaya ya fito da baya ya yi fari fat. Riɗi ɗan uwansu ne, yana fure daga wajen kwana 40. Lalo yana ba da ƙananan furanni ruwan ɗorawa da ƙananan ƙudaje ke so. Wake yana buɗewa da sassafe ya rufe kafin rana ta take. A jikin raga ko katanga ka sa garahuni ya hau, ko soso, wanda manyan furanninsa suke jawo babban baƙin nan tun gari bai gama wayewa ba.

Na kaka: yakuwa da rama ba sa fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, daidai lokacin da gasaya ta tsufa. Magarya ma a nan take huda. Furenta ba abin kallo ba ne, ƙanana ne kore-kore masu wani irin wari, amma ka tsaya ƙarƙashinta da hantsi za ka ji bishiyar tana amo. 'Yar uwarta kurna ita ce tushen zumar sidir da ake ji da ita a Yaman da Saudiyya.

Na hunturu da rani su ne suka fi muhimmanci, don nan ne gari yake zama fayau. In wuri ɗaya tal kake da shi, ka ba shuwaka. Muna shuka ta don ganye, muna tsinke ta kullum, shi ya sa da yawa ba su taɓa ganin furenta ba. In aka bar ta, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu takan rufe da tarin fararen furanni masu ƙamshi, ƙuda iri-iri su yini a kai. Ɗaɗɗoya kuma, in tana samun ɗan ruwa, kusan duk shekara tana fure. Gindi biyar ko shida a jere sun isa su riƙe galla da ƙananan ƙudaje har damina ta dawo. Sabara tana fure daga ƙarshen damina ta shiga rani, ba ta neman ban ruwa. Geza tana yin nata a ƙarshen rani. Rawaya takan fito da manyan furanni ruwan ɗorawa a dab da ƙasa lokacin da ko ganye ba ta da shi. Tumfafiya, in ta fito da kanta a kusurwar da yara ba sa wasa, a bar gindi ɗaya, amma a kiyayi farin ruwanta mai kama da nono, yana illa ga ido.

Bishiya fa? Gawo, ɗorawa, kaɗanya da ɗinya manya ne, na gona ne ko filin makaranta da masallaci, ba na tsirin ƙofar gida ba. Waɗanda suka dace su ne sansami, wanda yake zubar da ganye da rani ya lulluɓe da fure mai ruwan hoda, da marga mai furanni ruwan ɗorawa da ke reto kamar 'yan kunne gab da bazara, sai magarya in za ka riƙa rage mata ƙaya ta gefen hanya. Guda ɗaya ta isa, in filinka ya fi nawa faɗi. Ka ba ta tazarar mita uku ko huɗu daga katanga da ramin masai, kada kuma ka dasa ta ƙarƙashin wayar lantarki.

Game da launi: ƙudan zuma sun fi ganin shuɗi, shunayya, ruwan ɗorawa da fari. Ja ba ya fito musu sosai, shi ya sa tsuntsaye suka fi zuwa wa minjirya.

Mataki na biyar: samun iri da renonsa

Irin gasaya, karkashi, lalo, yakuwa da riɗi yana wajen mata masu lambun bayan gida da kasuwannin ƙauye. Sabon irin gasaya yakan ƙi tsirowa, sai ya kwana 'yan watanni a ajiye, don haka na bara ya fi.

Shuwaka da ɗaɗɗoya daga reshe ake samunsu. Na shuwaka ka yanko mai kaurin babban yatsa, tsawon santimita 30, ka cire ganyen, ka kafa rabinsa a ƙasa mai laima a ɗan karkace. Na ɗaɗɗoya ka yanko kan reshe mai taushi ka tsoma a kofin ruwa a inuwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga fararen saiwoyi.

Irin itatuwa yana da taurin ɓawo. Na marga da na bagaruwa, a tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a bar shi ya kwana, ko a ɗan kankare gefen ɓawon da abin yanke farce. Ƙwallon magarya a fasa shi a hankali da dutse a ciro ƙwayar ciki. Sansami yakan yi 'ya'ya daga saiwa a kewayen uwar, ana iya ciro ɗaya da damina tare da guntun saiwar. A rena su a leda mai huji a ƙasa, cikin yashi kashi biyu da taki kashi ɗaya, a fara tun Maris don su kai tsawon taƙi biyu kafin Yuli.

Roƙona ɗaya: kada a je daji a tono rawaya ko wata shuka da gindinta. Masu magani sun riga sun matsa mata. A jira ta yi 'ya'ya a ɗebi kaɗan, a bar sauran.

Mataki na shida: shuka

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Ka jira damina ta zauna, wato ka tona ƙasa ka ji laima har zurfin tafin hannu, galibi tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Dashe da yamma ake yi, a yage ledar a hankali kada ƙasar saiwar ta warwatse, a binne daidai inda ƙasar leda ta tsaya, a danna, a ba da ruwa.

Dogaye a baya, jikin katanga: shuwaka, rama, yakuwa. Matsakaita a tsakiya: riɗi, gasaya, ɗaɗɗoya. Gajeru da masu yaɗo a gaba. Kowane iri ka shuka shi a dunƙule, kamar faɗin tabarmar sallah, kada ka warwatsa ɗaya nan ɗaya can. Ƙudan zuma in ya fita kiwo iri ɗaya yake bi har ya koma, kuma dunƙule ya fi saurin ganuwa daga sama.

Ƙananan iri kamar gasaya da riɗi a gauraya su da yashi a yafa, a shafa ƙasa kaɗan a kai. In sun yi ganye huɗu a rage su, a bar tazarar taƙi guda. Waɗanda aka cire sun zama miyar ranar. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce raba irin gida uku, in shuka kashi ɗaya duk bayan mako uku. Da na farko ya tsufa, na biyu ya kama fure.

Mataki na bakwai: a bar miya ta yi fure

Wannan sai an zauna an yi magana a cikin gida. Al'adarmu ita ce a tsinke kan ganye kafin ya yi fure don ya daɗe yana toho, kuma gaskiya ne, da zarar gasaya ko lalo sun yi fure ganyensu ya ƙanƙance. A gidana mun raba: layin da ke kusa da ƙofa na tukunya ne, na jikin katanga ba a taɓa shi. Shuwaka gindi uku ce, biyu ana tsinka, ɗaya an daina taɓa ta daga Satumba. Bayan ta gama fure a sare ta zuwa tsawon gwiwa, za ta sake toho.

Ɗaɗɗoya in zangarniyar furenta ta bushe a yanke, sabuwa za ta fito. Ciyawa kuma kada a bi ta da fushi. A cire mai shaƙe shuka, amma ƙananan da ke fitar da ɗan fure a gefen kwata a ƙyale wasu.

Da ruwa ya ɗauke, a rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa ko busasshen ganye, kaurin yatsu uku, ban da jikin gindin shuka saboda gara. Ban ruwa da yamma, a gindi, sau biyu ko uku a mako mai yawa ya fi yayyafin kullum. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk suna yi; mai omo da bilic ne ba a so. Kusa da shuwaka na binne tulu har wuya, ina cika shi ina rufe bakin da tsingaro, yana tsatsowa a hankali kwana uku ko huɗu.

Mataki na takwas: ruwan sha da wurin kwana

A zafin Afrilu ƙudan zuma suna ɗiban ruwa su kai amya don sanyaya 'ya'yansu, shi ya sa suke cika bakin famfo da randa. Ka sami kasko marar zurfi, ka cika shi da tsakuwa, ka zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito, don su sauka ba su nutse ba. Ajiye shi a inuwa nesa da ƙofa. A zubar a sake duk bayan kwana biyu saboda sauro. Kada a sa sukari, kada a sa zuma: sukari yana tara su su yi faɗa, zumar wani wuri kuma tana iya ɗauko musu cuta.

Masu zaman kaɗaici kuma gida suke nema. Ka bar wani gefe mai faɗin faranti biyu, inda rana ke bugawa, babu ciyawar rufi, babu tono, babu ban ruwa. In ka ga ƙananan ramuka da ɗan tulin ƙasa a baki, su ne. Sannan ka sami busasshen gungume ka huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin santimita 10 zuwa 15, kada hujin ya fita ta baya. Ko ka ɗaure guntayen gora masu gaɓa a ƙarshe. Rataye shi ƙarƙashin inuwar rufi yana kallon gabas. Ramin da ka ga an toshe bakinsa da laka ko ganye, akwai 'ya'ya a ciki.

Mataki na tara: maganin ƙwari

Feshi ɗaya yana iya rushe aikin shekara. Fiya-fiya da magungunan feshin wake suna kashe ƙudan zuma nan take. Akwai kuma masu shiga jikin shuka su fito har cikin garin fure, kamar wanda ake rubuta imidacloprid a jikin kwalbarsa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan uwansa biyu a fili saboda ƙudan zuma. Maganin ciyawa kuma abincinsu yake ƙonewa.

A ɗan fili irin wannan hannu ya isa. Tsutsa a tsince ta da safe. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye a wanke su da ruwa mai ɗan sabulun wanka. In abin ya yi yawa, a daka ƙwallon darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a lita biyu na ruwa ya kwana, a tace a fesa bayan magariba, a kan ganye kawai, ban da buɗaɗɗen fure. Ganyen da ka ga an yanke shi da'ira kuwa ba ɓarna ba ce, baƙonka ne ya ɗauki shimfiɗa.

Maganar harbi da maƙwabta

Za a tambaye ka, don haka gara ka riga faɗa. Ƙudan da ke kan fure hankalinsa na kan kiwo, ba ya harbi sai an matse shi ko an taka shi. Wurin da yake faɗa shi ne bakin gidansa, kuma zumar ƙasarmu tana da zafin kare gida. Saboda haka kada ka rataya amya a ƙofar gida cikin unguwa. Fure a gida, amya a gona. A koya wa yara su kalla da ido, kada su kai hannu, kada su yi jifa.

In wani ya sha harbi, a kankare ƙarin da farce nan da nan, a wanke, a ɗora ƙanƙara ko tsumma mai sanyi. In fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama shi, asibiti kai tsaye ba jira. In kuma taron zuma ya sauka a reshe ya yi dunƙule, masauki suke nema, galibi kwana ɗaya zuwa uku sun tashi. Kada a sa musu wuta. A janye yara, a nemo mai amya ya kwashe su da dare.

Da kaka

Wajen ƙarshen Oktoba kwanson gasaya zai yi ruwan ƙasa, na riɗi da karkashi ya fara tsagewa daga sama. Ka yanko su da safe kafin su fashe, ka shanya a tire a inuwa mako guda, ka murje, ka sheƙe, ka zuba a kwalba da ɗan toka, ka rubuta suna da shekara. Karan rama da na yakuwa kada ka tumɓuke duka, ka sare wasu a tsawon gwiwa ka bar su tsaye, akwai masu reno a cikin ɓargonsu.

Iri zai fi ƙarfin buƙatarka. Ni nakan ƙulla a 'yan takardu in ba maƙwabta, domin ƙaramin ƙudan da ba ya wuce mita ɗari biyu yana buƙatar wani fure a gida na uku ko na huɗu. Bara gida biyu a layinmu suka karɓi reshen shuwaka. Nawa ya riga nasu buɗewa da kamar kwana goma, a makon ƙarshe na Disamba, cikin hazo. Na fito da sanyin safiya ban ga komai a kai ba, sai da rana ta ɗan ɗaga wajen ƙarfe tara na fara jin amon daga zaure.